Ranar da Na Shiga Gidan Surukai a Kan Babur

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na jero na wasu kafin in faɗa kan wanda nake nema, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da aka haifi 'yata ta fari ba. Haihuwar kanta abin tunawa ce, sai dai abin da ya fi zauna mini a rai shi ne irin shigar da na yi gidan surukaina a Unguwar Rogo ran nan. Har na yi furfura, in na bi ta lungun, akwai matan da ke jan mayafi su rufe baki kafaɗunsu na rawa. Bari in faro muku daga tushe, don ku san ladabi ne ya kai ni, ba wani abu na sha ba.

A lokacin ni ƙaramin akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati a nan Sakkwato. Zamanin soja ne, kuɗin mai sun fara shigowa ƙasa, kowa yana tafiya yana buɗe kafaɗa. Ina haya a Unguwar Rogo, ba nisa da gidan surukina, Malam Ladan, tsohon malamin gona da ya yi ritaya. Dogon mutum ne marar yawan magana, irin wanda in ya dube ka sau ɗaya sai ka shiga tuna laifin da ka yi bara. Bayan bikina da 'yarsa Luba da 'yan kwanaki ya aiko a kira ni. Na je, na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa can gefe. Ya nuna wani abu da ke jingine a zaure an lulluɓe shi da buhu, ya ce, "Ga shi nan. Ka riƙa zuwa aiki."

Na yaye buhu, sai ga babur. Baƙi ne wuluk, ɗan Ingila, mai ƙaton tanki, nauyinsa kamar na ɗan maraƙi. Duk unguwar an san shi. Da shi Baba (haka nake kiran surukin nawa) ya yi aikinsa kaf, daga fadamun shinkafa na Wurno zuwa gonakin gero na Gwadabawa, har ana cewa manoma kan ji ƙararsa su shimfiɗa tabarma su dama fura kafin ya iso. Ko 'ya'yan cikinsa bai taɓa bari sun hau ba. Da na koma gida na gaya wa Luba, sai ta ce, "Baba yab ba ka babur nai? To ka sani ya ɗauke ka ɗa." Ranar na wuni ina jin kaina wani babban mutum.

Wanda bai san kunyar suruki irin ta mutanenmu ba, ba zai gane darajar wannan ƙarfen a wurina ba. Baba ba ya kiran sunana, "Malam" yake ce mini. Ni kuma ba na haɗa ido da shi, ba na cin abinci inda yake, ba na wuce ƙofar gidansa a kan abin hawa (tun daga bakin lungu nake kashe inji in sauka in turo). Cikin gidan kuwa, zaure ne iyakata. In na je gaisuwa, da mun gama "ina gajiya" da "ina iyali" shi ke nan magana ta ƙare, sai mu zauna muna kallon tururuwa. Babur ɗin ne ya ba mu abin faɗa. Kullum da safe yana jin tashinsa daga gidansa, da yamma in na zo gaisuwa sai ya ce, "Malam, yau na ji shi shina tari. Ka diba hulogi?" Daga nan sai labari ya ɓalle: yadda ya ƙetare gulbi da shi a kwalekwale, yadda laka ta riƙe su wata damina sai da aka kawo shanun noma suka ja su. Mutumin da ba ya haɗa magana biyu sai ya yi ta zuba har a kira magariba. Ina son hirar nan ƙwarai, kuma na san shi ma yana jiranta.

To amma tsakani da Allah babur ɗin ya tsufa, kuma tsufan nasa a kaina ya ƙare. Tada shi da safe aiki ne mai zaman kansa. Sai na buɗe mai, na lallaɓa kafireto, na hau kan kiki da duk nauyina (wanda a lokacin ba wani nauyi ba ne). In ya ga dama ya tashi, in bai ga dama ba ya maido mini da kikin a ƙwauri, in yi ta tsalle da ƙafa ɗaya ina salati. Baƙin mai yake zubarwa ta ko'ina, duk fararen wandunana ƙafafunsu sun rine, har Luba ta ce ta daina wahalar da sabulu. In kuwa ya mutu a hanya cikin zafin bazarar Sakkwato, sai turi, in isa ofis kamar an tsamo ni daga rijiya.

Ga shi lokacin ba a wasa da makara. Soja sun shiga korar ma'aikata, da rana tsaka sai ka ji a rediyo an sallami wane da wane, nan take. Shugaban sashenmu ya koma tsayawa a bakin ƙofa da safe, ya dubi agogo ya dubi fuska. Wata rana a gaban kowa ya ce mini, "Kullum kai muke fara ji, kuma kai ne na ƙarshen isowa." Aka yi dariya, ni ma na taya su.

Ana cikin haka gwamnati ta yi ƙarin albashi ta haɗa da ariyas, wato kuɗin ƙarin na watannin baya. Kafin ka ce me, gari ya cika da sababbin babura 'yan Japan, ja da shuɗi da ruwan gwal, kowanne da madubai biyu a tsaye kamar kunnuwan zomo. Masinjan ofishinmu ma ya sayi nasa, ya ƙi cire ledar kujera. Kiki ɗaya za a yi, sai ka ji inji yana raɗa. Ni kuwa in na tada nawa lokacin tashi, sai tsuntsayen da ke kan itatuwan harabar ofis sun watse, masu gadi suna toshe kunne.

Abokin zamana a ofis shi ne Malam Bitrus, mutumin Zuru, mai buga tafireta, yana zaune a Sabon Gari da iyalinsa. Shi na kai wa kukana.

"Saya mana," in ji shi. "Me kake jira? Sai an karanta sunanka a rediyo?"

Na ce, "Baba fa?"

"Ka je ka gaya masa. Dattijo ne, zai gane."

Na ce masa bai san abin da yake faɗa ba. Da wane baki zan durƙusa gaban mutumin da ya ba ni abin da ya hana 'ya'yansa, in ce na samu wanda ya fi shi? Kuma in ƙarar nan ta daina tashi da safe, me za mu riƙa faɗa da yamma? Bitrus ya ce to in zauna da tsohon. Na ce za a kore ni. Ya ce to in sayi sabo. Na ce Baba fa? Haka muka yi ta zagaye har ya roƙe ni don Allah in bar shi ya yi aikinsa.

Da na kwana na tashi sai dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka duk jihar babu mai basira irina. Na je kanti na sayi sabo, ja mai walƙiya, amma ban kai shi gida ba, gidan Bitrus na kai shi. Kullum da safe sai in tada tsohon a ƙofar gidana, in ba shi wuta sosai don Baba ya ji, in lallaɓa zuwa Sabon Gari, in jingine shi a rumfar Bitrus in rufe da buhu, in hau sabon in wuce ofis ina shan iska. Da yamma in dawo in musanya, in shiga unguwa da rugugi kamar yadda aka saba. Matar Bitrus in ta ga na shigo sai ta ce, "Malam, ajiya ko ɗauka?" (In kun lura, dabarar nan ba ta rage mini wahalar tada tsohon ba ko kaɗan, hanya ma ta ƙara mini, har sai da na koma fita tun da sassafe. Na daina makara kam, amma fitar sassafen ce ta yi maganinta, abin da zan iya yi tun farko ba tare da na sayi komai ba. Ni ban lura ba sai da Bitrus ya nuna mini, kuma na yi kwana biyu ba na yi masa magana.)

Luba kaɗai na gaya wa a gida. A lokacin tana da ciki, ta yi dariya har sai da ta dafa bango. "Kai dai Allah shi kyauta," in ji ta. "Nan Sakkwato ta, ba Ikko ba. Wa ka ɓoye jan babur cikin garin ga?" Na ce mata ta bar wa maza sha'anin maza. Abin da ya fi damuna shi ne Baba, don da tsohon ya samu hutu sai ya murmure. Wata yamma Baba ya shafa tankinsa ya ce, "Malam, hannunka na da albarka. Rabon da in ga taya nai ba ta cinyewa haka, na manta." Na sunkuyar da kai na ce ikon Allah ne, gumi yana bin bayana.

Akwai kuma wani abu da mai kanti bai ja mini kunne a kansa ba. Babur ɗan Ingila, giyarsa a ƙafar dama take, birki a hagu. Ɗan Japan kuwa an juya masa: giya a hagu, birki a dama. Wanda ya sauya babur sau ɗaya, ba a daɗewa ƙafarsa ta saba. Ni kuwa safe da yamma nake sauyawa. In na hau sabon a ƙofar Bitrus sai in tsaya in biya wa ƙafafuna karatu, "dama birki, dama birki," kamar mai hadda. Birkin hannu kuwa, a zamaninmu kowa ya yarda in ka taɓa shi kifar da kai zai yi, don haka ado muka ɗauke shi. A farko na sha da kyar a gaban wani jaki mai kayan albasa, amma a hankali ƙafafun suka kafa tasu dokar: a hanyar ofis dama, a cikin unguwa hagu. Na yi ta yaba musu.

Da cikin Luba ya tsufa aka zo aka tafi da ita gidansu, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Na sayi itacen wankan jego aka kai aka jibge a tsakar gidan (ban gani da idona ba tunda ba na shiga, an dai ce mini ya yi tsibi). Manyana suka ja mini kunne cewa in an haihu in kama kaina. Ɗan fari ba a rawar kai a kansa. Uba ba ya zuwa da gudu, ba ya tambaya, ko barka aka yi masa sai ya sunkuyar da kai kamar da wani ake. Na ce ai ni ba sai an gaya mini ba.

Wata Laraba da hantsi ina tsakiyar aiki, sai direban ofishinmu, wanda gidansu ke lungun su Baba, ya shigo ya rusuna kusa da kunnena. "Albishirinka," in ji shi. "An sauka lahiya. Ɗiya mace, ita da uwar duk lau."

Ban san sanda na miƙe ba. Kunyar ɗan fari da aka yi ta karanta mini, ban san inda ta faɗi ba. Na rungume direba, na rungume Bitrus, na kusa rungume shugaban sashe da ya fito jin hayaniya (shi ne ya ja da baya). Ya ce in tafi, ya ba ni ranar. Ina tada babur sai ga Bitrus ya biyo ni da gudu yana cewa, "Tsaya, ka biya ta gidana tukuna." Na ɗauka so yake in kai wa matarsa albishir. Na ɗaga masa hannu na ce ya gaya mata da kansa, na ba shi iska.

Niyyata mai kyau ce. Zan tsaya a bakin lungu in sauka, in bi ta ƙofar gidan a ƙasa kamar mai wata sabgar, in gaida Baba, ko Allah zai sa in jiyo kukan jaririyar ta kan katanga. Ina tafe ina murmushi ni kaɗai, ina gaida mutanen da ban sani ba. Iska tana kaɗa rigata, inji yana raɗa a ƙarƙashina, amma ko sau ɗaya ban tambayi kaina me ya sa yau hanyar gida ta yi daɗi haka ba.

Sai da na karya kwanar lungun. Ga Baba zaune a ƙofar gida ƙarƙashin itacen dogon yaro, an shimfiɗa tabarmi, liman da dattawan unguwa sun zo barka, ga farantin goro a tsakiya. Duk suka ɗago kai. Na ga idon Baba ya wuce fuskata ya sauka a kan tankin da ke tsakanin gwiwoyina. Na bi idonsa da kallo, sai na ga ja.

A nan hankalina ya tashi ya bar ƙafafuna da aiki. Su kuwa sun ga unguwa, sun san doka. Na taka hagu da duk ƙarfina. Giya ta faɗa, babur ya yi wani gurnani ya zabura. Na ƙara takawa. Na ja jikina baya don tsoro, hannuna ya murɗe totur. Daga nan ni fasinja ne.

Ban taɓa sanin tsofaffin unguwarmu suna da sauri haka ba. Liman, wanda kullum sai an kama masa hannu yake miƙewa, ya yi tsalle guda ya dira bayan itace da butarsa a hannu. Goro ya watse. Na bi ta tsakiyar tabarma ina faɗin "gafara, gafara," ƙofar zaure ta taho mini a buɗe, na shige. Madubin dama ya zauna a jikin ƙofa. Zauren da duhu, na hango haske a gaba na nufe shi, asabarin ƙofar ciki ya naɗe mini kai ya tafi da hulata. Da na fizge shi daga fuskata sai na gan ni a tsakar gidan surukaina, wurin da ban taɓa sa ƙafa ba tun da aka halicce ni.

Gidan cike da mata, wasu na daka, wasu na hura wuta a ƙarƙashin ƙatuwar tukunyar ruwan wanka. Allah ya taimake ni na kauce wa tukunyar. Abin da ya tsayar da ni shi ne itacen da na saya da hannuna. Tayar gaba ta nutse a ciki, inji ya mutu, ni kuma na zame a hankali ta kan tanki na rungume itace. Waɗanda suka ce ya yi tsibi ba su yi ƙarya ba.

Wuri ya yi tsit, in ban da wata kaza da ke kyarkyara. Na ɗago kai, wa zan gani dab da ni sai Inna, mahaifiyar Luba, wadda tun da na auri 'yarta muryarta kawai na sani daga bayan ƙyaure. Tana riƙe da faifai. Ta dube ni, na dube ta. Ta ɗaga faifan ta rufe fuskarta. Ni kuma, da yake an yi mini tarbiyya, na buɗe baki na ce, "Salamu alaikum."

Wadda ta amsa ita ce kakar Luba, mahaifiyar Baba, tsohuwa tukuf mai kaifin baki, wadda ke da ikon yi mini wasa yadda ta ga dama. Ta fito daga ɗakin mai jego tana dogara sanda, ta zagaye ni, ta ce, "Wa alaikumus salamu, angona. Mun ga masu ɗokin ɗan hwari, amma ba mu taɓa ganin wanda yaz zo barka har bakin murhu ba. Sauka mana, ruwa ya yi zahi, sai mu hwara da kai."

Gida ya fashe da dariya. Wata ta saki taɓarya ta zauna a ƙasa. Daga cikin ɗaki na jiyo Luba, tana dariya tana cewa wayyo cikinta, a bar ta haka. Sai kuma wani siririn kuka ya tashi a kan dariyar duka. Kukan da na zo saurare ta kan katanga ke nan, ga shi na same shi ba katanga. Ina kwance a kan itace, ba hula, da takalmi a ƙafa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma wallahi zuciyata fari fat.

Daɗin bai daɗe ba, don na ji gyaran murya a bayana. Baba ne. Ya kama babur ya zare shi daga itace, ya juya shi, ya tura shi waje da kansa. Na tuɓe takalmi (a makare) na bi bayansa kaina a ƙasa. A waje dattawa sun dawo kan tabarma suna tsintar goro, liman yana haki. Na durƙusa na ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, amma ba su ne damuwata ba. Baba ya kafe babur a inuwa yana zagaya shi a hankali, hannu a baya. Ni kuwa jira nake in ji ya ce a maido masa da abinsa, hirar yamma ta mutu daga ranar.

"Malam," ya ce. "Naka na?"

"Nawa na, Baba."

"Wancan hwa?"

"Shina Sabon Gari, gidan abokina. Can ni ka aje shi da sahe, in ɗauko da marece."

"Kullum?"

"Kullum, Baba."

Ya sake zagaya babur ɗin, sannan ya ce, "Rana ko inuwa?"

"Inuwa, Baba. Har buhu ni ka ruhwa mai."

Ya gyaɗa kai. Ya tsuguna ya shafa ƙarƙashin injin da yatsa, ya duba yatsan, babu ko ɗigon mai. Ya taɓa abin takawa na dama, ya taɓa na hagu, ya ce kamar da kansa yake magana, "Birki nai dama yake." Sannan ya miƙe ya juyo gare ni.

"Wancan ya tsuhwa, ni na hi kowa sani. In na ji kana hwama da shi da sahe sai in ce yaron ga, ko dai haƙuri gare shi ko rowa. Ban ga laihinka ba da kas sayi sabo. Abu guda na yaɓ ɓata min rai." Ya ɗan dakata. "Garin ga duk babu wanda yah hi ni sanin babur. Kat tahi saye, ba ka ce in raka ka ba."

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na yi wata da watanni ina zagaye gari don kada in ɓata masa, ashe hana shi na yi abin da zai fi so a duniya: ya sa babbar riga ya shiga kanti da surukinsa, ya ƙwanƙwasa tankuna, ya ce wannan a'a, wancan i. Idona ya ciko. Na ce, "Na tuba, Baba."

"Tashi," in ji shi. "Yau ranar hwarin ciki ta. Ba ni makulli in ji yadda shi ka tahiya."

Dattawa suka soma, "Malam Ladan, a dai yi hankali." Ya ce musu shi da babur tun zamanin Bature. Ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya hau, ya yi kiki ɗaya inji ya kama, na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ja a hankali har ƙarshen lungu, ya juyo ko ƙafa bai sauke ba, ya taho a miƙe, zaune daram kamar a hoto. Dattawa suna ta yaba gwaninta. Ya iso daidai tabarma inda zai tsaya, sai na ga ƙafarsa ta hagu ta ɗaga. Na buɗe baki, amma ta yaya mutum zai daka wa surukinsa tsawa?

Da yake shi gwani ne ya riƙe kuloci, don haka babur bai zabura ba, sai dai kuma bai tsaya ba. Ya wuce mu cikin natsuwa da mutunci, bai dubi kowa ba. Liman, da ya riga ya ɗauki darasi, tuni ya koma bayan itace. Baba ya shige zaure, madubin hagu ya zauna a jikin ƙofa. Muka ji ihun mata, muka ji rugujewar itace, sannan shiru. Can sai muryar tsohuwa ta taso ta kan katanga, tar da ita.

"Kai ma, Ladan? To wa yar rage waje? Shi ma shi shigo mu huta."

Jim kaɗan Baba ya fito yana tura babur ba madubi ko ɗaya, da ɗan karan asabari maƙale a hularsa. Ya kafe shi, ya kakkaɓe riga, ya gyara tsayuwa.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Birki nai dama yake."

Na ciji leɓe, na dubi ƙasa, na karanta duk abin da na iya. Da na kasa sai na ɗago, kuma ranar ce na fara haɗa ido da surukina. Kafaɗunsa rawa suke yi. Ban san wanda ya fara ba, na dai san mun yi dariya har ya dafa kafaɗata don kada ya faɗi, dattawa suka biyo mu, liman ya tattara takalmansa ya ce shi zai koma gida tun na uku bai zo ba.

Tsohon babur ya koma zauren mai shi, Baba ya ci gaba da lallaɓa shi yana zuwa gonarsa ta bayan gari, ni kuma na zauna da sabon, safe da yamma, birki ɗaya. Bayan suna muka je sayen madubai tare. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya hau bayana, ya sa mai kanti ya sauko da duk abin da ke kan kanta kafin ya zaɓi biyu. Hirar yamma kuwa sai ta ninka, tunda babura sun zama biyu. 'Yata ta girma tana jin labarin daga bakin kowa, cewa ranar da aka haife ta ubanta da kakanta duk a kan babur suka shigo barka.

Abin da na koya ran nan kaɗan ne, amma ya ishe ni. In kana tsoron ɓata wa babba rai, je ka durƙusa ka gaya masa da bakinka, ya fi sauƙi. In kuwa ka nace sai ka ɓoye, to ka fara shawartar ƙafafunka, don su ba su san kunyar suruki ba.